A Rage wa Teburin Kawu Tsawo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Binciken Lafiyar Ma'aikaci da Daidaita Wurin Aiki, Babban Masanin Baya da Ƙugu, Mai Awon Wuya da Kafaɗa, Uban Masu Ciwon Gwiwa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa kujerar ofishinka ta ci gaba da yi maka daidai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba. Na so in yi maka ita a durƙushe, sai na tuna takardar da mutanenka suka manna mana a bango ta hana durƙuso ba bisa ƙa'ida ba. Don haka ga ta nan a tsaye, bayana a miƙe, ƙafafuna a ware daidai faɗin kafaɗata. Ina fata kana lafiya, iyali suna lafiya, haka su Malama Mai Tabarau da Dogo Mai Tef, waɗanda ka turo mana wata biyar da suka wuce. A gaishe su da kyau. A ce musu mun yi kewarsu, tunda ba mu ƙara ganin ko ƙurar motarsu ba.

Ni ne mai guga a masana'antar ɗinkin kayan makaranta, mai koren ƙofar nan da ke bayan tashar mota. Idan ka buɗe rahotonku, ni ne Ma'aikaci na Ashirin da Bakwai. A wurin aiki Ƙaiƙayi ake ce mini, sunan da ban roƙa ba, amma ba zan ce an zalunce ni ba. Karatuna na allo ne, bokon nan a jikin kwalayen zare na tsince shi. In ka ga wani harafi ya karkace, ka ɗauka shi ma bai samu wurin zama mai kyau ba ne.

Ba don kaina nake rubuto maka ba. Saboda Ma'aikaci na Huɗu ne, mai yankan yadi, wanda kowa ke kira Baba Almakashi, ni kuwa Kawu nake ce masa, don yayan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa talatin da ɗaya yana yanka a ɗakin nan. Shi ya riƙo hannuna ya kawo ni aikin. Tun ranar da sabon teburin da Cibiyarku ta tsara masa ya iso, kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, aikinsa ya ragu, yanzu Manaja ya ba shi zuwa ƙarshen wata: ko ya koma yanka kamar da, ko ya koma gida. Yau saura kwana goma sha biyu. Abin da nake roƙo ƙarami ne ƙwarai, takarda ɗaya ce mai hatimi. Amma kafin in faɗi abin da za a rubuta a cikinta, a yi mini izini in jero 'yan koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Mun gode da kuka sanar da Manaja zuwanku tun saura mako guda. Wannan halin mutanen kirki ne. Sai dai ina son ka san abin da aka yi da makon. An share masana'antar nan sharar da ba ta taɓa gani ba tun gininta. Gwaggo Maɓalli, mai ɗinka mana maɓallai, tana da wani rabin bulo da take ɗora ƙafar hagu a kai shekara tara, aka fitar da shi. Masu keken ɗinki kowa da filonsa na tsumma da ya ɗinka wa ƙugunsa, aka kwashe aka kulle a bayan gida. Wani ya ɗaure wa kujerarsa katako a baya da igiya, aka kwance. Aka aro fanka uku daga shagon mai kayan wuta, aka sa ƙwai a fitilun da suka mutu tun ina koyon riƙe dutsen guga. Ranka ya daɗe, duk tarkacen nan da aka ɓoye muku su ne binciken da mu muka yi da jikinmu, kowa ya gano inda yake masa ciwo ya toshe. Da mutanenka sun ga bulon Gwaggo, da sun gama rabin aikinsu kafin su zauna. Wurin da suka auna ba masana'antarmu ba ce. Wata ce mai kama da ita, ta rayu kwana biyu, rana ta uku mai fanka ya zo ya kwashe kayansa.

Na biyu. Wannan koken a kaina zai faɗo, amma sai na fara ba ku rabonku. Me ya hana a gaya mana dalilin zuwanku? Manaja ya tara mu ya ce, "Baƙi za su zo su auna ku. Kowa ya yi wanka." Iyakar bayanin ke nan. Mutum hamsin da wani abu, kowa da bakin da yake ciyarwa, ka ce musu za a auna su, ka yi shiru? Awon me? Mu dai a sana'armu ba a auna mutum sai za a yanka wani abu.

To, ana gobe za ku zo, muna cin abincin rana a ƙarƙashin rumfar baya, kowa ya yi jugum. Ni kuwa Allah ya halicce ni ba na iya ganin mutane sun yi jugum in ƙyale su. Na gyara fuska, na rage murya, na ce na ji daga bakin direban Manaja cewa sababbin injuna za a kawo daga waje, na dogayen mutane, duk wanda bai kai awo ba za a sallame shi. Wallahi, ranka ya daɗe, dariya nake jira. Na ɗauka Gwaggo za ta jefe ni da cokali kamar yadda ta saba, a wuce wurin. Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya ajiye cokalinsa, ya rufe kwanonsa da sauran abinci a ciki. Shi ne mafi gajarta a masana'antar, in ka cire Gwaggo, ita kuwa a zaune take aiki.

Na so in ce wasa nake. Sai na ga abin ya fara daɗi, na ce bari in bari sai an tashi. Da aka tashi kuma na ce bari sai da safe.

Ga abin da masananka ba su lissafa ba: teloli suka zo aunawa. Mu ne mutanen da ake kawo wa mai tumbi mu mayar da shi siriri, a kawo mana ramamme mu ba shi ƙirji. Kafin a tashi aiki ranar nan, ba wandon da ba a warware wa kalmasa ba. Soson kafaɗa da ke cikin sito ya ƙare ƙaf. Mai keke na layin farko ya yi wa kansa hula mai hawa biyu. Kawu kuwa, da yake gwani ne, nasa aikin ya fi na kowa tsabta. Ya aro takalmi sau-ciki na babban ɗansa, wanda ya fi ƙafarsa girma nesa ba kusa ba. Ya zana tafin ƙafarsa a kan kwalin zare da alli, ya yanka shi hawa-hawa, ya jera a ciki, ya lulluɓe da ƙyalle, ya saki ƙafar wando ta rufe komai. Da safe da ya shigo, sai da na ɗaga kai na gaishe shi, abin da ban yi ba tun ina ɗan shekara goma sha uku. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baba Almakashi, wane taki aka zuba maka jiya?" Ya ce, "Ke dai ki ji da maɓallinki." Ya wuce yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Na amsa laifina. Amma ina tambaya cikin girmamawa: ƙaryar ɗan guga ɗaya a bakin kwano, ita ce ta fi ƙarfin Cibiya mai mota da kwamfuta?

Na uku. Awon kansa. Dogo Mai Tef ya jera mu a jikin bango, yana auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, Malama Mai Tabarau tana rubutawa. Mutane ne masu kirki, ba abin da za mu ce. Malama har tambayar Kawu ta yi yaransa nawa. Da aka zo kansa, ni da kaina, da zuciyata ta fara dukana, na ce, "Yallaɓai, ba za a cire takalmi ba?" Dogo ya yi mini murmushin da ake yi wa marar ilimi, ya ce ƙa'ida ita ce a auna ma'aikaci cikin takalmin aikinsa. Madalla da ƙa'ida. Sai dai ba wanda ya tambayi Kawu ko takalmin aikinsa ne. Shekara talatin da ɗaya da silifas yake yanka, silifas ɗin ma da ya cinye har ya kusa zama takarda.

Ranka ya daɗe, ɗan koyo na wata uku a sana'armu ya san mutum maƙaryaci ne a gaban tef. Mai tumbi yana shanye cikinsa, gajere yana ɗage diddige, tsoho yana miƙe bayan da bai miƙe ba tun aurensa. Shi ya sa tela yake jan mutum da hira, ya tambaye shi kasuwa, ya tambaye shi yara, sai ya ga ya manta ya saki jiki sannan ya ɗora tef. Ba a koyar da wannan a makarantar da su Dogo suka yi? In ba a koyarwa, Kawu zai iya zuwa ya koyar, ranar da ba aiki. Ba ya tsada.

Na huɗu. Takardar nan mai zanen mutum tsirara, gaba da baya, da aka ce kowa ya sa alama a inda yake masa ciwo. Zanen ya yi kyau, ko da yake matan layi na biyu sun ce da an sa masa ko gajeren wando ne, ga shi an zo gidan ɗinki. To, mutumin da ya kwana da labarin sallama a ransa, ga Manaja tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu yana murmushi, shi ne zai nuna inda ya lalace? Kowa ya mayar da takardarsa fara fat. Mai keken da ba ya iya juya wuyansa sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, fara ya mayar. Gwaggo Maɓalli kaɗai ta faɗi gaskiya. Ta shafe mutumin nan da biro tun daga kai har tafin ƙafa, gaba da baya, sannan ta ƙara zana wani ɗan ƙarami a gefe ta shafe shi, ta ce wannan na maigidanta ne, shi ma yana fama. An gaya mana ba a lissafa takardarta ba, wai ta ɓata ta.

Sai ga rahotonku ya fito: kashi ɗari cikin ɗari na ma'aikatan nan ba sa jin ciwon komai. Manaja ya sa an yi masa gilashi ya rataye a ofis. Muna taya Cibiya murna. Ko asibiti ba ta taɓa warkar da mutum hamsin a yini ɗaya ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba wanda ya yi mamaki a ofishinku? Mutane suna sunkuye a kan keke tun safe har yamma, shekara da shekaru, a ce ba mai ciwon baya ko ɗaya, ku karɓa ku buga hatimi? Malaminmu na allo, in yara arba'in suka ce masa duk sun haddace, a ranar yake ɗauko bulala.

Na biyar. Kayan da kuka tsara mana. Mako bakwai ke nan da isowarsu. Kujerun masu keke suna da laushi, suna juyawa, har da taya biyar a ƙasa. Mun gode. Sai dai in mutum ya taka feda da ƙarfi, kujerar baya take yi da shi, daɓen kuma ya ɗan gangara wajen ƙofa. Ranar farko mai keke na layin farko ya taka, sai ga shi ya wuce ni a guje yana riƙe da hannun riga, har sai da ya je ya gaishe da maigadi. Wannan mun yi maganinsa da kanmu, kowa ya ɗaure kujerarsa a ƙafar keke da ragowar yadi. In kun zo za ku ga kamar an ɗaure awaki. Ba ƙorafi nake ba, labari ne.

Teburin yanka shi ne maganar. Tsohon teburin Kawu na katako ne, shi ya sa kafinta ya yi masa tun yana saurayi, daidai ƙugunsa. Yakan shimfiɗa yadi ninki goma sha biyu, ya kwanta a kan almakashin da nauyin jikinsa, hannu ya tafi kamar jirgi a ruwa. Manaja ya sa an fasa teburin a ranar da sabon ya zo, maigadi ya dafa shayi da ƙafafunsa. Sabon na ƙarfe ne, mai sheƙi, an kafe shi da ƙusa a daɓe. A gefensa an manna ɗan faranti mai hatimin Cibiyarku, an rubuta: an daidaita shi da jikin Ma'aikaci na Huɗu. Gaskiya ne kuwa, ya yi wa Ma'aikaci na Huɗu daidai. Matsalar ita ce mutumin nan yini ɗaya ya yi a duniya, da yamma ya cire takalmi ya koma Kawu.

Yanzu sai ya ɗaga gwiwar hannu kamar kaza za ta tashi sannan almakashi ya kama yadi. Nauyin jiki ba ya taimakonsa, kafaɗa ce kaɗai take yi. Ninki goma sha biyu ya koma takwas, takwas ya koma biyar. Can ƙarshen teburin hannunsa ba ya kaiwa, sai ya yi miƙa, layin ya karkace. A makon jiya ya ɓata hannun riga goma sha huɗu, mutumin da ake kawo wa 'yan koyo su ga yadda ake bin alli. Aka nuna masa. Ya daɗe yana juya ƙyallen a hannunsa, sannan ya ce, "Ni na yanka wannan?"

Ya gwada komawa cikin takalman kwalin. Kwana uku ya yi, idon sawunsa ya kumbura, ya kusa faɗuwa da almakashi a hannu. Matarsa ta ƙwace su ta mayar wa mai su.

Na shida. Mai Hular Kwano. Rahotonku ya ce a naɗa jami'in kiyaye haɗari, Manaja ya naɗa ƙanin matarsa. Tun ranar yake yawo da hular kwano a ɗakin da abu mafi nauyi da zai iya faɗo wa mutum a ka shi ne ƙwaryar zare. Yana da usur. Duk awa ɗaya yana busawa, mu miƙe mu yi miƙa irin ta hoton bango, hannu sama, hannu gefe. Kawu yana ɗaga na hagu kawai. Sau biyu ana rubuta sunansa saboda rashin ba da haɗin kai.

Ni da na ɓata, na ce bari in gyara. Na samo katako mai kauri, na goge shi, na shimfiɗa a gaban teburin. Kawu ya hau. Ranka ya daɗe, da ka ga fuskarsa. Kafin azahar ya koma ninki goma, har yana 'yar waƙarsa ta cikin hanci da muka manta da ita. Sai ga usur. Mai Hular Kwano ya buɗe rahotonku shafi na goma sha tara, ya karanta mana da ƙarfi: ba a ajiye komai a ƙasa inda ma'aikaci zai yi tuntuɓe. Ya ɗauke katakon. Gwaggo ta ce masa, "Kai ɗan nan, shekarar Baba Almakashi nawa a nan bai yi tuntuɓe ba sai da kai ka zo?" Ya ce shi ba ruwansa, kimiyya ce.

Muka ce to, a kira mai walda ya rage ƙafafun teburin, aikin rabin awa ne. Manaja ya ce abin da ke ɗauke da hatimin Cibiya ba mai taɓa shi sai da takardar Cibiya, in ba haka ba za a ƙwace masa shaidar da ya rataye a gilashi. Ka ga inda muka tsaya ke nan. Ba a yarda a ɗaga mutum ba, ba a yarda a sauke tebur ba. Saura mu jira Kawu ya ƙara tsawo, shi kuwa shekararsa hamsin da takwas, ina jin ya gama.

Na je wurin Manaja na faɗa masa komai, har maganar kwali. Ya dube ni ya ce, "Kai ne ka ce mini an sace motata ranar nan, na fito da gudu ba hula. Kai ne ka ɗinke wa maigadi aljihu. Yau kuma in bar maganar masu digiri in kama taka?" Ban ga laifinsa ba. Ya ce masana sun auna, sun ce tebur daidai yake, in tebur daidai yake kuma aiki ba ya tafiya, to mutumin ne ya tsufa. Ya kira Kawu ya tambaye shi ko gaskiya ne ya yi ciko a takalmi. Kawu ya dubi ƙasa ya ce shi bai san zancen ba. Dattijo mai surukai, a gaban Manaja, yaron da aka haifa Kawu na bakin aiki, ya ce ya cusa kwali a takalmi don tsoro? Ya gwammace kafaɗar ta cire.

Na bakwai, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Ba ku dawo ba. Mu in mun ɗinka wa mutum riga, ko ta ɗan firamare ce, sai ya sa mun gani. Mu ce ɗaga hannu, juya, zauna, ina ya matse? Mu sa alli, mu warware, mu gyara. Ba don ba mu iya awo ba ne, don mun san jiki ne. Ku kun ɗinka wa mutum tebur na ƙarfe, kun aiko a mota, ba wanda ya biyo baya ya ce masa ɗaga hannu mu gani. Lambar wayar da ke bayan rahoton na kira ta sau goma sha ɗaya. Wata murya mai daɗi tana ce mini kirana yana da muhimmanci, sannan a sa mini kiɗa. Na haddace kiɗan. In ana biki a Cibiya a gayyace ni.

Yanzu bari in ajiye lamba in yi maka magana kamar yadda zan yi wa babban wana.

Kawu yana da yara uku da ba su gama makaranta ba. Rigar da autarsa take sawa, shi ya yanka ta da hannunsa a cikin na sauran yaran gari, ta kuwa san haka, tana faɗa wa 'yan ajinsu. Ba shi da gona, ba shi da shago. Almakashin nan shi ne abin da ya iya, kuma ba na jin akwai wanda ya fi shi iyawa a garin nan. Mutum mai shekara hamsin da takwas da aka sallama da sunan ya tsufa, wa zai ɗauke shi?

Har shekaranjiya bai san ni na ƙirƙiri zancen injunan dogayen mutane ba. Yana ta jin haushin direban Manaja, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, wata biyar Kawu ba ya amsa masa gaisuwa da kyau. Shekaranjiya bayan an tashi aiki na bi shi gida. Na tarar Inna, mahaifiyata, ta zo duba shi. Yana zaune a tabarma a tsakar gida ba riga, matarsa tana gasa masa kafaɗa da tsumma da ruwan zafi. Na tsuguna, na faɗi komai, ban rage ba.

Inna ce ta fara. Ba zan rubuta abin da ta ce ba, don wasiƙar nan ta masu mutunci ce. Ta fara daga ranar da aka haife ni, ta biyo a hankali, ba ta tsallake ko shekara ɗaya ba. Matar Kawu ta ce, "Ai ni tun da na ga yana kawo mana man zafi ba a aike shi ba na san da wata a ƙasa." Kawu ya bar su har suka gaji. Sannan ya dube ni ya ce, "Matso nan, ɗan banza." Na matsa, na rufe ido. Ya ce, "Da dama nake mari, ita ce kuma ba ta ɗaguwa. Ka ci bashi." Ya miƙo mini kwalbar man zafin ya juya mini baya. Na shafa masa har hannuna ya yi zafi. Kafaɗar nan ta yi tauri kamar an cusa dutse a ciki, in na danna sai ya ja numfashi ta haƙori, amma bai ce in daina ba.

A nan na ce masa zan rubuto maka, a fili, inda kowa zai gani, har da maganar takalmi, don in ba a faɗe ta ba ba mai yarda awon ya ɓaci. Ya ce a'a. Inna ta ce, "Yaya, kunya za ka ci ko abinci?" Kawu ya waiga. Autarsa tana bakin ƙofar ɗaki tana goge rigar makarantarta ta gobe, ya daɗe yana kallonta. Can ya ce in rubuta.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ba na neman a sake bincike, ba na neman a hukunta su Dogo, yaran kirki ne, ƙa'ida suka bi. In hukunci ya zama dole, ga ni, dutsen guga ko'ina akwai shi, ni saurayi ne zan samu wani wurin. Takarda ɗaya nake roƙo, mai hatiminku, layi biyu: Cibiya ta yarda a rage ƙafafun teburin Ma'aikaci na Huɗu. A aiko ta kafin kwana goma sha biyun nan su cika, da ɗan sarari, don kafaɗar ta samu ko mako ɗaya ta nuna wa Manaja abin da ta iya. Mai walda yana nan ƙofa ta uku daga tamu, na riga na yi masa magana, ya ce ko ana ruwa zai zo. In kuma wani daga cikinku zai kawo takardar da kansa, don Allah kada ya sanar da Manaja. Ya shigo kawai, ranar Talata ko Laraba, da tsakar rana, ya same mu yadda Allah ya yi mu.

Saura magana ɗaya, ta yawan abin da za a rage. Da zan fito daga gidan, Kawu ya kira ni ya kafa mini sharaɗi. Ya ce, "In za ka faɗi kaurin kwalin nan, ka ce inci uku ne. Kada in ji ka ƙara." Na yi masa alkawari a gaban Inna, kuma ba zan saɓa ba. Don haka ina shaida wa Cibiya mai daraja, da duk wanda ya karanta wannan, cewa cikon da Kawuna ya yi a takalmi inci uku ne cif, mutum ne mai matsakaicin tsawo, ba gajere ba.

Amma a takardar mai walda, ranka ya daɗe, a rubuta huɗu.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Cibiya basira, ya tsare ta daga sharrin irina.

Naka mai biyayya, mai jiran hatiminka da hannu biyu,

Ƙaiƙayi,
mai guga, layi na uku, kusa da taga.